Labule a Idon Dama

A gidan Direba ba a taɓa ce wa mutum a'a. Duk abin da ka kawo, amsa ɗaya ce: "Bari mu gani." Famfo ya fashe, bari mu gani. Ƙofar banɗaki ta daina rufuwa, bari mu gani. Ƙofata tana jikin tasu a hawa na biyu, bangon da ya raba mu kuwa da kaɗan ya fi kwali kauri, don haka na ji maganar nan har na haddace yadda yake faɗinta, yana sosa ƙeya da makullin tasinsa.

Ni gyaran gashi nake yi a ɗakina. Uwar Direba, wadda kowa ke ce wa Inna, ita ta raɗa mini suna Rediyo, wai ba na rufe baki. Na karɓi sunan hannu bibbiyu, ga shi yau zan karanto labarai.

Matar Direba kowa Tela yake ce mata. Labule take ɗinkawa, na taga da na ƙofa, a kusurwar falonsu, da tabarau mai kauri kamar gindin kofi a fuskarta. Lokacin da abin ya fara cikinta ya tsufa, har sai ta ja kujera baya kafin ƙafarta ta kai ga keke. A daidai wannan lokacin Yaya, babbar yayar Direba, ta gama sabon gida mai tagogi sai ka ce makaranta, ta kwaso bandir-bandir na yadi ta jibge mata. Ɗinkin dangi ne, ladansa "sannu da aiki".

Wata safiya na shiga aron almakashi na tarar tana korar ƙuda da hannu.

"Rediyo, ƙudajen nan daga ina suke shigowa?"

Na duba falon tsaf. Ko ɗaya babu.

"Tun jiya suke bin idona," ta ce. "Kuma wani haske yana walƙawa ta nan gefe, kamar ana walda."

Washegari da safe suna shan shayi, ina jin ƙarar cokula ta bango, Tela ta faɗa musu.

"Maigida, labule ya sauko mini a idon dama. Daga sama, ta gefe. Baƙi ne."

Inna ta yi dariya har ta ƙware. "Labule! To me kike so ki gani, jirgin sama? Wanda ya wuni a kan labule ai labule zai gani. Da kifi kike sayarwa da kifi ne zai sauko."

"Inna, ba wasa nake ba. A wurin awo nas ta ce in gani ya canza, ko kai ya dinga ciwo, a zo a ranar."

"Nas ɗin ta haifi nawa? Ni duk cikin da na yi sai na ga hazo-hazo. Cikin mijinki ma, mutum biyu nake gani in mutum ɗaya ya shigo. Na haihu ya washe."

Direba ya tashi yin nasa gwajin. Ya tsaya a gabanta ya ɗaga yatsu. "Nawa ne nan?"

"Uku."

"To kin gani."

"Da na hagu na gani. Rufe mini na hagun ka sake."

Amma ya riga ya ɗauki makulli. "Bari mu gani zuwa jibi. In bai tafi ba sai a san abin yi."

A ranar ce fitilar gaban tasinsa ta dama ta mutu. Ina tsaye a baranda na ga yadda ya zagaya motar yana salati kamar an yi masa rasuwa. Bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba sai da ya kai ta wurin mai gyaran wuta aka sa sabon ƙwai. Da yamma yana ba Inna labari, yana cewa mota mai ido ɗaya ai kashe kai ne, wa zai yi wasa da wannan.

Jibi ya zo ya wuce. Labulen ya ƙara saukowa. Ƙafafun Tela suka kumbura har silifas ɗinta suka ƙi shiga, ta koma sa na mijinta. Zobe ya nutse a yatsanta. Kanta yana sarawa, sai ta yanki ƙyallen Yaya ta ɗaure goshi tam, ta ci gaba da taka keke.

Kowa a gidan ya zama likitan ido. Inna ta ce tabarau ne ya yi datti, ta wanke shi da sabulun wanki har ya karce. Da hakan bai yi ba ta ce waya ce, ta karɓe wayar ta sa a ƙarƙashin matashinta. Direba ya ɗauko wani fasinja da ya ce ƙanin matarsa ya taɓa yin irin haka, ya faɗa masa sunan wani maganin ɗigawa. Ya biya kemis ya sayo, ya ɗiga mata da hannunsa, yana ta huci irin na mijin da ya gama sauke nauyin duniya.

"Ya tafi?"

"Yana nan."

"Ai magani ba sihiri ba ne. Bari mu gani."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne asibitin nan a kan hanyarsa yake. Kullum sai ya sauke matan wasu a bakin ƙofarsa, har ya fito ya riƙe musu jaka, ya ce Allah ya sauke lafiya. A tasha ana yabonsa da tausayin masu ciki.

Tela ta fara karo da gefen ƙofa. Kafaɗarta ta dama ta yi shuɗi. Ta zo zuba wa Inna shayi ta zuba a kan tebur, gefen kofin. Inna ta ce yaran yanzu in aiki ya ishe su ba sa faɗa da baki, sai su fara ɓarna.

Sai ga Yaya ta zo duba kayanta, da ƙamshin turarenta da ƙarar awarwaro. Ina zaune a wurin. Ta ɗaga labule ɗaya ta kanga a haske.

"Ke, wannan kalmasar fa? Ta tafi kamar hanyar maciji."

"Yaya, idona ne. Na dama ba na gani da shi sai ta ƙasa kaɗan."

"Ayya, sannu. Na hagun fa?"

"Yana gani."

"To alhamdulillahi. Ai maƙwabcinmu na da, mai gyaran agogo, da ido ɗaya ya yi aiki har ya mutu. Ki daure ki ƙarasa, na riga na gaya wa mutane ranar da za su zo ganin gida. Ba zan tari baƙi da tagogi tsirara ba."

Tela ta ɗauki zare tana neman kafar allura. Ta kai, ta wuce. Ta sake kaiwa, ta wuce. Yaya dai ba za a ce ba ta da imani ba. Ta ajiye jakarta, ta sunkuya da kanta ta zura mata zaren, ta ce duk lokacin da ya tsinke ta kira Inna ta zura mata, ai 'yan uwantaka ta wuce wannan.

Ni kam bakina ya ƙi zama. Na ce, "Yaya, mace ta ce miki ba ta gani, ke kuma kina zura mata zare? Ku ba ni ita yanzu in kai ta asibiti, ƙafa da ƙafa."

Inna ta taso daga kan kujera. "Rediyo, wa ya kunna ki? Gidan nan da mai shi. In gashin ya ƙare ki je ki share ɗakinki."

Na tare Direba a matakala da yamma. Ya saurare ni yana sosa ƙeya.

"Ke ba ki san mutanen nan ba ne," ya ce. "Ka shiga da tari su kwantar da kai. Yanzu in na kai ta, riƙe ta za su yi, su ce sai an yanka. Wa zai duba Inna? Ga aikin Yaya a tsakiya. Bari a sauke wannan nauyin tukuna, sai mu gani."

"Ita ce fa ba ta gani, kai kana ta mu gani."

"Allah ya shirye ki, Rediyo." Ya wuce.

Na koma wurin Tela lokacin da Inna ke barcin rana. Na ce ta ɗauko katin awonta mu fice, kafin tsohuwar ta juya mun dawo. Ta ɗora hannu a kan ciki.

"Kar ki haɗa ni da su," ta ce a hankali. "Saura kaɗan in gama. Ya yi alkawari ranar da aka kai kayan zai kai ni. Kuma wataƙila gaskiyar Inna ce, in na haihu ya washe." Ta cire tabarau ta goge da gefen zani. "Amma Rediyo, tsoro nake ji. In na rufe na hagu, ke ma ba ki nan."

Na koma ɗakina na yi kuka, na kuma ƙona wa wata baiwar Allah gefen kunne da abin miƙar da gashi.

Ranar da aka gama, Direba ya loda labulen a tasi, sandunan rataya sun leƙo ta taga, Yaya a gaba. Saura guda ɗaya na ɗakin baƙi, Tela na kan yi masa kalmasa, za su dawo su ɗauka. Rana tsaka ce, haske ya cika ko'ina. Ina cikin wanke wa wata kai na ji keken ya tsaya, sai ƙara.

Na shiga da kumfa a hannu. Allura ta shige ta farcenta, jini yana ɗiga a kan yadin Yaya. Ita kuwa ba yatsan take dubawa ba. Kanta a ɗage yake, tana juya shi.

"Wa ya rufe tagar? Inna, ku buɗe tagar."

Tagar a buɗe take har iska na kaɗa yadi.

Inna ta ce, "Cire hannunki daga kan kayan mutane, kina ɓata shi."

Na ɗauko wayata na kira Direba. Na ce na hagun ma ya tafi, fuskarta ta kumbura, magana ma da ƙyar take haɗawa. Ya ce yana kan tsani yana riƙe wa Yaya sanda. "Ki ba ta ruwa ta kwanta. In na sauko, bari mu..."

Na kashe. Na ɗaure mata yatsa, na rungumo ta. Inna ta tsaya a ƙofa tana cewa ba da izininta ba. Na ce ta rubuta ta ajiye. Muka sauka matakala ɗaya-ɗaya, ina faɗa mata inda za ta sa ƙafa. Mai tasin da na tare ban taɓa ganinsa ba. Ya kalli fuskarta sau ɗaya ta madubi, bai tambayi komai ba, ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba sai a ƙofar asibiti.

Nas ɗin da ta auna jininta ta sake aunawa a ɗaya hannun, sannan ta fita da gudu. Daga nan ban sake samun wanda zai tsaya ya yi mini magana ba. Hawan jini ne irin na masu ciki, ya kai inda in aka ƙara jinkiri za a rasa uwa da ɗa. Abin da Direba yake gudu shi aka yi: aka riƙe ta, aka yi tiyata. Aka ciro 'yar mace ƙarama, aka sa ta a kwalba.

Dangi suka iso da yamma da kwanukan abinci da fuskokin jimami. Washegari aka ce likitan ido zai zo. Sai Yaya ta ce a ɗan sa labule. Ita da Inna suka ja Direba gefe, suka shige bayan labulen gadon da ba kowa, suka ja shi ya rufe su. Sun manta labulen asibiti ba ya kai ƙasa, kuma ba ya tare murya. Ina tsaye ina kallon ƙafafunsu.

"In ya tambaya, jiya abin ya fara," in ji Yaya. "Farat ɗaya."

"Ai gaskiya ma kenan," in ji Inna. "Jiya ne ya yi tsanani."

"Kar danginta su ji wata magana daban," in ji Direba.

Likitan ido ya zo da fitilarsa a goshi. Ya ɗiga mata magani, ya jira, ya daɗe yana leƙa na hagu, ya fi daɗewa a na dama. Sannan ya miƙe.

"Na daman nan, tun yaushe?"

"Jiya-jiyan nan, likita," Direba ya yi caraf. "Farat ɗaya."

Likitan bai ko kalle shi ba. "Baiwar Allah, ke nake tambaya."

Tela tana kwance, idanunta a buɗe suna kallon sama. Muryarta ba ƙarfi, amma kowa ya ji.

"Tun ranar da aka canza wa mota fitila. Ya san ranar."

Yaya ta shiga gyara mayafi, awarwaronta suna ƙara.

Likita ya yi bayani a hankali. Ya ce a can bayan ido akwai wata 'yar fata siririya a shimfiɗe, ita ke karɓar haske. A na hagu, hawan jinin ne ya tara ruwa a bayanta, kuma yanzu da aka haihu jinin yana sauka, yana sa ran ganin zai dawo. A na dama kuwa fatar ta yage ne, ta ɓanɓaro daga jikin idon kaɗan-kaɗan. Ƙudajen da walƙiyar su ne farkon yagewar. Labulen shi ne ɓanɓarowar.

"Wato kamar shafin labule ne ya saki," in ji Tela.

"Haka ne. Lokacin da yake gefe, ana iya mayar da shi ya zauna. Yanzu ya saki har tsakiya, kuma ya daɗe a haka."

Direba ya matso, idonsa ya kawo ruwa. "Likita, amma za a gyara ko? Ko nawa ne, ko motata ce in sayar."

"Za mu yi aikin in ta ƙara ƙarfi. Ban yi muku alkawarin komai ba. Bari mu gani."

Wallahi sai ga Direba ya daka tsalle. "Wane irin bari mu gani? Likita, ido ne fa! Ido ake magana!"

Dariya ta kufce mini a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Nas ta kore ni waje.

An yi aikin. Na hagu ya dawo a hankali, har ranar da aka fito da jaririyar daga kwalba Tela ta ƙirga yatsunta da kanta. Na dama bai dawo ba. In an haska fitila tana sanin an haska, shi ke nan.

Uzuri kuwa kowa ya ɗinka nasa daidai jikinsa. Inna ta ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba likitan da zai goge. Yaya ta ce yarinyar ce da zurfin ciki, ba ta faɗa da ƙarfi ba. Na Direba ya fi na kowa kyau. Duk wanda ya zo barka sai ya ja shi gefe ya ce, "Labule fa ta ce mini. Da ta ce makanta ce, ai ko a kan tsani nake sai na diro. Amma labule? Mace mai ɗinkin labule?"

Da Tela ta dawo gida ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai ce a taya ta gyara falo. Aka juya keken ɗinki taga ta koma hagunsa. Gadon jaririya a hagu. Kujerar da nake zama in na shigo, a hagu. Doguwar kujerar da Inna da Direba suke zama, da wadda ake ba Yaya in ta zo, ta ce a jera su a dama.

Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce sai yanzu yarinyar ta san girman manya, ta san wa ake ajiyewa a dama. Direba har a tasha yake faɗi, wai wahala ta ƙara musu shaƙuwa, yanzu shi ne na hannun daman matarsa, ko abinci za a ci sai ta ce ya koma dama.

Yaya ta dawo da labulen ɗakin baƙi, mai ɗigon jinin, wai a ƙarasa kalmasar in an samu sarari, ba gaggawa.

"Ajiye shi nan dama, Yaya," in ji Tela. "Ranar da na gan shi zan yi."

Yana nan har yau, ƙura ta hau shi.

Likita ya ce mata, mai ido ɗaya sai ya koyi juya wuya, kuma ta koya. Tana juyawa in za ta tsallaka titi. Tana juyawa a matakala, tana juyawa in tukunya ta tafaso, har kyanwar maƙwabta in ta shigo ta dama sai ta juya ta kore ta.

Rannan ina zaune a kujerata ina jijjiga jaririya, Tela tana ɗinka wa wata makaranta labule. Direba ya shigo da leda a hannu, sabon tabarau ya sayo mata mai ruwan zinare. Ya tsaya a damanta ya miƙa. Keke yana ta tafiya. Ya gyara murya. Ya matso da ledar har ta kusa taɓa kafaɗarta, ya tsaya a haka hannunsa a miƙe.

"Tela," ya ce. "Ba ki gan ni ba ne?"

Ta kai ƙarshen layin, ta ɗaga ƙafar keke, ta yanke zare da haƙori. Ba ta juya ba.

"A'a," ta ce, ta jawo yadi na gaba.